Masaukin Kutama Ya Ciri Tuta

Duk wanda ya taɓa kwasar iyali ya tafi biki ko suna ko ta'aziyya a garin da ba nasa ba, ya san kuɗin mota da gudummawa duk masu sauƙi ne a kan wurin kwana. Gidan biki ya cika ya batse. Mata sun jeru a tsakar gida kan tabarmi, an tura maza zauren maƙwabta ko barandar masallaci, layin banɗaki ya kafu tun kafin kiran assalatu, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa riƙe da buta tana jiran a fito. Shi kuwa uban amarya, wanda ya kamata ya ji da ɗaurin aure da 'yan ɗaukar amarya, yana can yana zaga unguwa aron katifa. Mun saba da wannan har mun ɗauka haka tafiya ta gada. To ni dai na ga wata hanyar a Kutama ta ƙasar Gwarzo, kuma tun da na dawo bakina ya ƙi rufuwa. Duk wanda muka haɗu da shi sai na ba shi labari, yau kuma na ce bari in rubuta kowa ya ji.

Gida ne sukutum, da zaurensa da tsakar gidansa da madafarsa, ake damƙa maka mabuɗinsa na 'yan kwanaki. Ka biya, ka zauna da iyalinka, ka gama abin da ya kawo ka, ka mayar da mabuɗi. A cikin birnin Kano an fara sabawa da irin wannan, musamman wajen Nassarawa da Bompai, inda ake ba da hayar gidaje da kayan ɗakinsu na kwana ko na mako. Abuja da Legas kuwa ba a magana. Amma a ce a Kutama za a samu, kuma a same shi ya fi na birni daɗin zama nesa ba kusa ba, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. Ka tashi daga Kabuga, ka wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin Janguza, ka bar Rimin Gado a baya, ka ratsa ƙasar Kabo, sai ga ka a Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70. Titin ne ya miƙe har Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Kutama ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Gwarzo, tare da su Getso da Lakwaya da Kara da Mainika. Mu da kaka muka je, bikin 'yar ƙanwar uwargidana. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, amalanken shanu na ta jigilar dammuna, masu rake sun jingine kayansu a bakin titi, iska kuma ta fara kaɗawa da ɗan sanyin da ke ba da labarin hunturu na tafe. Tun a mota yara suka bar wayoyinsu suka manne da taga.

Gidan na wani ɗan garin ne da aiki ya kai shi nesa. Ya gina abinsa, amma sai Sallah yake zuwa. Mabuɗin yana hannun ƙanin mahaifinsa, wani dattijo mai fara'a da tsabtar riga, kuma shi ne ainihin wanda nake wa wannan yabo. Wani ɗan'uwa ya ba ni lambarsa. Da na kira, kafin ya ambaci ko sisi sai ya jero mini tambayoyi. “Malam, ku nawa ne? Akwai tsoho a cikinku? Akwai mai goyo? Da rana za ku iso ko da dare?” Na ce akwai mahaifiyata, kuma gwiwa na damunta. Ya ce, “Allah ya ba Hajiya lafiya. To shi ke nan, na gane.” Daga nan ya sa jikansa ya ɗauki bidiyon gidan ya turo mini ta WhatsApp, ɗaki bayan ɗaki, har da katangar baya da ba a gama shafe ta ba, har da makewayi. Bai ɓoye komai ba. Abin da na gani a waya shi na tarar a ƙasa, babu ƙari babu ragi. Wanda ya taɓa biyan kuɗin masauki saboda hoto, ya je ya iske hoton na wata shekara ne can baya, shi zai gane girman wannan gaskiyar.

Da muka isa an share ƙofar gida an yayyafa ruwa, ƙura ta kwanta. Dattijon na zaune a dakali yana jiranmu. “Maraba lale! Sannunku da hanya. Hajiya, sannu da ƙoƙari, a sauko a hankali.” Ya tsaya a zaure, maiɗakinsa ce ta shige da mata ciki. Kai, masha Allah! Ƙamshin turaren wuta ne ya fara tarar mu. Randa a gindin rumfa cike da ruwa mai sanyin ƙasa, an rufe ta da faifai an kife moɗa a kai. Butoci a jere, kowace a cike. A kowane ɗaki an shimfiɗa darduma ta fuskanci alƙibla, don kada baƙo ya tsaya tambayar ina ne gabas. Ɗakin da aka ware wa Hajiya shi ne mafi kusa da banɗaki, gadonsa ba mai tudu ba, an ajiye mata kujerar roba a wurin wanka da wata a gefen darduma don ta yi salla a zaune. Tambayar nan ta ko akwai tsoho da ya yi a waya, ga abin da ta haifar. Hajiya ta zauna a bakin gado ta dubi ɗakin, ta ce da ni, “Wannan bawan Allah ya san tsufa. Allah ya yi wa zuriyarsa albarka.” Mahaifiyata ba mai saurin yabo ba ce. Da na ji haka na san tafiya ta yi kyau.

Tsarin ginin kansa abin tsayawa ne a duba. Zauren gaske ne, ba na ado ba. Daga shi sai shigifa, kuma ƙofofin ba su kalli juna ba, don haka mai wucewa a waje ko baƙon da ke zaure ba ya hango tsakar gida. Kakanninmu sun daɗe da warware wannan lissafi, mu ne muka watsar da shi da muka koma gina falo mai ƙofa a bakin titi. Amfaninsa kuwa a ranar farko muka gan shi. Surukaina maza suka zo gaisuwa, na tare su a zaure, aka kawo fura aka sha, aka yi hira har la'asar, matan kuma suna ciki suna ƙunshi da kitso, ko mayafi babu wadda ta nema. A otal ina za a yi haka? Can an raba iyali ɗaki-ɗaki da lamba, uwargida sai ta zumbula hijabi kafin ta leƙa neman ruwan zafi, yara an kulle su da talabijin don kada su dami na kusa, baƙonka kuma sai dai ku tsaya a wurin karɓar baƙi kowa na kallonku. Nan kuwa gida muka baro, gida muka tarar. Sutura ita ce abu na farko da iyalin Bahaushe ke nema a masauki, kuma mai wannan gida ya ba mu ita cikakkiya.

Ɗakunan ciki na bulo ne da rufin kwano da silin, tsaf da su. Amma zaure da wani soro guda da ke gefensa ginin ƙasa ne, kuma a soron nan na zaɓi in kwana. Wallahi ban yi nadama ba. Katanga mai kauri ta tubali, rufin azara da aka jera gwanin sha'awa, an shafe bayansa da makuba, ga indararo na zubar da ruwan sama nesa da gindin gini. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika samun sa'arta ba. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, ita ke hana ruwa cin katanga. Hikimar kaurin nan ita ce ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi kuma ba ta saurin sakinsa. Da rana tsaka, lokacin da kwano ke ƙara saboda rana, cikin soro sanyi ƙalau. Da asuba kuma, sa'ar da sanyin kaka ke ratsa bargo, katangar na sako ɗumin da ta tara tun jiya. Mutanen birni sai sun je Gidan Makama suke ɗaga kai su yaba irin wannan rufi, su ɗauki hoto su fita. Ni na kwana a ƙarƙashinsa, na yi barcin da na jima ban yi irinsa ba. Ina roƙon mai gidan, don Allah, ko an ba shi shawarar ya rushe soron ya yi na siminti, ya toshe kunnensa.

Ruwa da wuta su ne ke tona asirin kowane masauki a ƙasar nan, kuma nan ma an yi abin a yaba. Akwai burtsatse a gidan, famfonsa da hasken rana yake aiki, yana tura ruwa tanki tun hantsi, don haka ba mu taɓa buɗe famfo ya yi mana tari ba. Faifan sola na kan rufi suna riƙe da fitilu da fanka da cajin waya da ƙaramin firji, inda muka adana maganin Hajiya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san abin da kunna janareta dare guda ke ci. Masaukai da yawa sai su kunna na sa'a biyu su kashe, ko su ɗora wa baƙo kuɗin mai. Sola ta raba wannan gardama, ta kuma ba mu wata kyautar da ba a sa ta a lissafi, wato shiru. Babu ruri, babu hayaƙi. Dattijon ya gaya mana gaskiyar ƙarfin batirin tun farko: kada a jona dutsen guga, kada a jona abin dafa ruwa. Sai ga dutsen guga na gawayi an ajiye, ga buhun gawayin a madafa. Ka ga an hana ka abu an kuma ba ka madadinsa a hannu. Kowane gado da gidan sauronsa a ɗaure, ba yagagge ba, abin da ya zama dole a ƙarshen damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Zannuwan gado wankakku, suna ƙamshin sabulu da rana.

Madafa kuwa ba ni da ta cewa, uwargida ce alƙaliya, kuma hukuncinta ya fito tun kafin ta ajiye jaka. Ta buɗe kwando ta ga muciya da maburgi da ludayi da rariya, ta ga tukwane manya da ƙanana an goge gindinsu, ga turmi da taɓarya a jingine, ga tukunyar gas ga kurfoti ga murhun itace a waje, kowace mace da irin wutar da ta saba da ita. A kan kanta an bar gishiri da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kwalbar man gyaɗa da ashana. Ta juyo ta ce, “Malam, mace ce ta shirya wurin nan.” Haka ne kuwa, maiɗakin dattijon ce. Duk kayan nan in ka haɗa kuɗinsu ba su taka kara sun karya ba, amma matar da ta iso gari da magariba da yara masu jin yunwa ta san darajarsu.

Daga nan fa sai cin daɗi. Da sassafe yarinya mai koko da ƙosai na sallama a zaure, dattijon ne ya gaya mata akwai baƙi. Da hantsi Bafulatana ta sauke ƙwaryarta, nono mai kauri da man shanu sabon kaɗi. Ranar da kasuwar Getso ke ci ya haɗa ni da jikansa muka je, yaron ya nuna mini layin hatsi da na kaji, ya kuma tsaya a gefena ana ciniki don kada a yi mini farashin baƙo. Muka dawo da sabuwar dawa da wake da gyaɗa da zabbi. Daren nan aka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, aka zuba man shanu, muka ci a tsakar gida a kan tabarma. Ban san ko sabuwar dawar ce ba ko ruwan garin, amma yaran da a gida sai an yi da gaske suke cin tuwo, ranar har ƙari suka nema. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, maimakon mu zama ƙarin baki a gidan biki, sai ga mu muna aika musu da kulolin abinci. Uwar amarya ta aiko da godiya har sau ba adadi.

Yanzu bari in zo kan maganar da na san tana cin wasu, domin wani kawuna ya faɗa mini ita ƙarara da na ba shi labari. Ya ce, “Kai yaro, yaushe Bahaushe ya fara sayar wa baƙo wurin kwana? Ba cewa aka yi baƙonka Annabinka ba?” Na girmama maganarsa, kuma na fahimci tsoronsa, kada kuɗi ya shiga tsakanin mutum da karamci. Amma ina ganin tarihi na bayan dattijon Kutama. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma fataken da suka yi ɗaruruwan shekaru suna shigo mata da kaya ba a kan titi suke kwana ba. Fatoma ke saukar da su. Shi zai ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi, sannan ya samu la'adarsa. Mutanenmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro haka aka sauke su a Salaga, haka kuma daga baya suka riƙa saukar da wasu a zangon Kumasi. A Sabo ta Ibadan masu gidajen saukar fataken shanu da goro su ne suka kasance jigon unguwar, har wani masani mai suna Abner Cohen ya wallafa littafi a kansu a 1969. Saukar baƙo sana'a ce tsohuwa a wurinmu, mai mutunci, kuma ba a taɓa jin ta kashe karamci ba. Ita ce ma ta raya shi, domin fatoman da ya wulaƙanta baƙo bana, baɗi gidan wani za a sauka.

Turawa sun zo da nasu daga baya. A 2007 wasu samari biyu a San Francisco ta Amurka suka shimfiɗa katifun iska a falonsu suka saukar da mahalarta wani taro da suka rasa otal, a 2008 abin ya zama kamfanin Airbnb, yau ya game duniya. Na yaba musu, sun iya tsari. Sai dai a irin nasu sau da yawa lambar buɗe ƙofa za a turo maka a waya, ka shiga ka fita ba ka ga fuskar kowa ba. A Kutama mutum aka ba mu, mai suna da mutunci a garin, wanda ya ɗauki nauyinmu a wuyansa. Washegarin isowarmu ya ce, “Malam, taso mu je ka gaida mai unguwa.” Muka je, na tuɓe takalmi na durƙusa, na ce, “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, mun zo biki.” Dattijon ya ƙara da cewa, “Baƙina ne, a gidan ɗana suke.” Wannan jimla kaɗai ta wadatar. A wannan zamani da garuruwan da ke kusa da iyakar Jihar Katsina ke sa ido kan kowace baƙuwar fuska, kuma suna da hujjar yin haka, babu abin da ya kai a ce wani sananne ya tsaya maka. Daga ranar, in na fito masallaci ana miƙo mini hannu ana tambayar jikin Hajiya. Yarana suka shiga cikin yaran unguwa, kowa ya san 'ya'yan gidan wa ne.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne liyafar baƙo kwana 3 ce, abin da ya ɗoru a kai sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. To mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa muke ƙuntata wa 'yan'uwa da sunan zumunci? Mota biyu ta sauka a gidan mutumin da buhun masararsa ke ƙidaye, ya yi murmushi ya yanka akuyar da yake tattali, bayan an watse ya shiga bashi. Mu kuma baƙin kunya ta ɗaure mu, ba ka iya neman ƙarin ruwan wanka, ba ka iya cewa yaro bai ƙoshi ba, kowa na haƙuri da kowa har a rabu da ɗan abin da ba a faɗa. Kuɗin da na biya a gidan nan, wanda bai kai na ɗaki biyu a matsakaicin otal na birni ba, ya sauke wa kowa wannan nauyi. Zumuncin ma sai ya fi armashi. 'Yan'uwa suka riƙa zuwa wurinmu hira da dare don su huta da hayaniyar gidan biki, har amarya da ƙawayenta nan suka ɓuya aka yi musu lalle.

Kuma kuɗin bai sa an mayar da mu kwastomomi ba. Ƙwan zabbin da maiɗakin dattijon ta aiko wa Hajiya ba ya cikin lissafi. Rakiyar kasuwa ba ta ciki. Wata safiya kan famfon tsakar gida ya ɓalle ruwa ya yi ta tsiri, na aika yaro ya faɗa, kafin mu gama karin kumallo an zo da mai gyara an ɗaura sabo, dattijon na ta ba da haƙuri sai ka ce shi ya ɓalla. Kowane gida na iya samun matsala. Abin dubawa shi ne wa zai zo in ka kira, kuma yaushe.

Wani halin nasa da ya burge ni shi ne sanin iyaka. Gidan ɗansa ne, mabuɗi na biyu na aljihunsa, amma ko sau ɗaya bai wuce zaure ba. Zai yi sallama daga waje, ya tambayi kwananmu, ya ji ko akwai abin da ake buƙata, ya tafi. Sharuɗɗansa kuma tun a waya ya shimfiɗa su, babu nuƙu-nuƙu: iyali yake saukarwa ko baƙin da ya san abin da ya kawo su, ba a kawo masa taron kiɗa, ba a shigo da wanda bai sani ba ya kwana. Wasu za su ce tsauri ne. Ni kuwa shi ya kwantar mini da hankali, domin shi ya sa maƙwabta ke kallon gidan da mutunci, mu ma da muka sauka a ciki aka kalle mu da shi.

Bayan an kai amarya muka ƙara 'yan kwanaki don yara, kuma a nan ne tafiyar ta koma hutu sosai. Muka leƙa madatsar ruwa ta Guzuguzu a ƙasar Kabo, wata ranar muka gangara Ƙaraye muka ga dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992, ruwa iya ganinka, masunta na fitowa da kifi a kwalekwale. Muka sayo aka soya a gida. Sauran lokacin ba mu je ko'ina ba, kuma ba mu ji muna son zuwa ba. Yara suka bi jikan dattijon gona suka ga yadda ake cirar gyaɗa, suka dawo da ita aka gasa a toka. Suka ga ana sussuka da sheƙa a bayan gari. Da dare Hajiya ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a tsakar gida, abin da rabon da ta yi tun muna yara, domin a birni talabijin ta ƙwace mata masu sauraro.

Abu ɗaya na roƙa a gyara, dokin ƙofar zaure ya yi tudu ga mai ciwon ƙafa, sai an riƙe Hajiya take haurawa. Da na faɗa, dattijon ya ce, “Gaskiyarka, Malam. Za a yi masa matakala kafin ku dawo, in Allah ya so.” Yadda na ga aikinsa, ban yi shakka ba.

Abin da ke raina tun da na dawo shi ne yawan irin wannan gida da ke kulle a ƙasar nan. Ka zaga Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, za ka ga gidajen 'yan gari da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, an kashe musu dukiya, an garƙame da kwaɗo, sai ƙadangaru da gara ke more su wata goma sha ɗaya a shekara. Gida kuwa kamar rijiya yake, in ba a ɗiba sai ya lalace. Ga kuma masu nema birjik: 'yan biki, masu sayen hatsi da ke zuwa da kaka, ma'aikatan rigakafi, masu duba jarrabawa, malaman zaɓe, da 'ya'yan garin da aka haifa a birni waɗanda ke son su kawo yaransu ganin tushe amma tunanin wurin kwana ya hana su. Ba sai an sa tayil da kujerun alfarma ba. A samu ruwa, a samu tsabta, a samu sutura, a faɗi gaskiyar abin da ke akwai da wanda babu, sannan a damƙa mabuɗi hannun mutum irin dattijon nan, wanda zai tambayi ko akwai tsoho a cikin baƙi. Kuɗin da zai shigo ya isa ya riƙe gyaran gidan, ya kuma sa wani abu a aljihun mai kula da shi, da mai koko, da mai nono, da mai gyaran famfo.

Mai son zuwa ya nemi wani ɗan Kutama ya haɗa shi da mai mabuɗin, domin ba a kafa allo ba kuma ba a tallata gidan a intanet, daga baki sai baki. A kira da wuri in kaka ta gabato, lokacin bukukuwa ne kuma masu nema sun fara yawa. A tafi da rigar sanyi ta yara in an shiga Nuwamba. Da Ƙaramar Sallah da Babba kada ma a tambaya, mai gidan na nan da iyalinsa. Mu dai mun riga mun sa baki a hutun makaranta na Disamba, kuma wannan karon har da ƙanina da matarsa da kawun nan nawa, wanda ya ce zai je ya gani da idonsa.